Sudan: Sau Uku Jama'a Na Tuɓe Shugaba, Sau Uku Soja Na Komowa

Tun daga lokacin da ƙasashen Afirka suka fara samun mulkin kai, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an ga mutanen gari waɗanda ba su da bindiga balle igwa sun fito kan titi sun tilasta wa shugaban ƙasa sauka daga kan mulki. A Kwango ta Birazabil, cikin watan Agusta na 1963, ƙungiyoyin ma'aikata sun yi kwana uku suna zanga-zanga har Shugaba Fulbert Youlou ya yi murabus. A ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, ma'aikatan gwamnati da aka zabtare wa albashi suka shiga yajin aiki, ran 3 ga Janairu, 1966, Maurice Yameogo ya bar kujera. Haka kuma aka yi wa Janar Musa Traore na Mali a watan Maris na 1991.

Amma duk cikin ƙasashen nan babu wadda wannan al'amari ya zame mata jiki kamar Sudan. Sau uku jama'ar Sudan suna tayar wa shugaban soja ƙayar baya har ya faɗi, watau a 1964, da 1985, da kuma 2019. Sau uku kuma soja suna komowa su sake karɓe mulki kafin a cika shekara biyar. A cikin shekara 63 da ke tsakanin samun mulkin kai ran 1 ga Janairu, 1956, da faɗuwar Umar al-Bashir, hafsoshi uku kaɗai sun cinye kimanin shekara 52.

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Hausawa. Ta nan alhazan ƙasa suka riƙa bi zuwa Makka, da yawa kuma suka yada zango suka zauna. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Saboda haka abin da ya ci ƙasar nan bai bar zuriyar waɗannan mutane ba. Ban da wannan ma, ɗalibai da ma'aikatan gwamnati su ne suka ja gaba a dukkan tarzomar nan uku, don haka labarin ya cancanci kowane ɗalibi da kowane ma'aikaci ya karanta shi a tsanake.

Mulkin Janar Abbud

Gwamnatin farar hula ta farko ba ta cika shekara uku ba. Manyan jam'iyyun ƙasar sun dogara ne ga gidajen addini guda biyu, watau gidan Mahadi mai jam'iyyar Umma da gidan Mirgani na ɗariƙar Hatmiyya, shugabanninsu kuwa ba su da aiki sai ƙulle-ƙullen kifar da juna. Auduga, wadda ita ce jarin ƙasar, ta yi kwantai domin gwamnati ta tsawwala mata kuɗi. Da Firayim Minista Abdullahi Halil ya ga alamar za a kayar da shi a majalisa, sai aka share wa soja hanya. Ran 17 ga Nuwamba, 1958, Janar Ibrahim Abbud ya karɓi mulki ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Da farko mutane sun yi murna. Abbud ya sassauta farashin auduga ta shige, kuɗi suka shigo baitulmali. Sai dai a lokaci guda ya rushe majalisa, ya soke jam'iyyu, ya dakatar da ƙungiyoyin ƙwadago, ya ɗaure wa jaridu baki. Sa'ad da aka daidaita da Masar a kan ruwan Nilu cikin 1959, aka yanke shawarar tashin mutanen Wadi Halfa, su kimanin dubu hamsin, domin ruwan madatsar Aswan zai cinye garinsu. Suka zaɓi inda suke so a kai su, gwamnati ta kai su wani wuri dabam.

Babbar matsalar ita ce ta Kudu. Mutanen Kudancin Sudan sun nemi a yi mulkin tarayya, an kuwa yi musu alkawarin duba maganar kafin samun mulkin kai, amma aka yi watsi da ita. Gwamnatin Abbud ta ɗauka cewa ƙarfi shi ne magani. Ta tilasta Larabci a makarantu, ta kori 'yan mishan na ƙasashen waje baki ɗaya a farkon 1964, ta riƙa tura soja suna ƙone ƙauyuka. Sakamakon haka shi ne 'yan tawayen Anyanya suka ƙara ƙarfi, yaƙi ya ci gaba da cin kuɗi da rayuka, alhali an hana kowa tambayar dalili.

Daren 21 Ga Oktoba

A watan Satumba na 1964 gwamnati ta ɗan buɗe ƙofa ta ce jama'a na iya ba da shawara a kan matsalar Kudu. Ɗaliban Jami'ar Hartum suka shirya muhawara. A nan ne wani malamin shari'a, Dokta Hasan al-Turabi, ya fito fili ya nuna cewa ba za a warware rikicin Kudu ba muddin soja ke mulki. Nan da nan gwamnati ta hana irin wannan taro. Ɗalibai suka ce sai sun yi.

Ran Laraba 21 ga Oktoba da dare suka taru a harabar ɗakunan kwanansu. 'Yan sanda suka faɗa musu da barkonon tsohuwa, ɗalibai suka rama da jifa, sai aka buɗe wuta. Harsashi ya sami wani ɗalibi mai suna Ahmad al-Kurashi, ya rasu a daren. Kashegari dubun dubatar mutane suka bi gawarsa cikin birni, malaman jami'a na gaba da rigunansu na digiri. Malaman nan suka ajiye aiki gaba ɗaya. Ran Asabar alƙalai da lauyoyi suka taru za su kai takardar kuka fada, 'yan sanda suka tare su, sai wani alƙalin babbar kotu ya umarci 'yan sandan su janye, suka kuwa janye. A ranar aka yi shelar yajin aiki na gama-gari.

Wannan yajin aiki shi ne ya karya gwamnati. Likitoci, injiniyoyi, malaman makaranta, akawuna, ma'aikatan jirgin ƙasa da manoman Jazira duk suka zauna gida, suka haɗu ƙarƙashin inuwa guda wadda aka kira Gamayyar Ƙwararru. Ofisoshi suka zama kufai, jiragen ƙasa suka tsaya. Ƙananan hafsoshi kuma suka nuna ba za su ci gaba da harbin 'yan'uwansu ba. Ran 26 ga wata Abbud ya rushe Majalisar Ƙoli ta Soja. An sake zubar da jini a ƙofar fada bayan kwana biyu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Aka naɗa wani ma'aikacin ilmi, Sirrul Hatim al-Halifa, ya shugabanci gwamnatin riƙon ƙwarya, Abbud kuma ya sauka a tsakiyar Nuwamba.

Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta zo da sababbin abubuwa. An ba wakilin ma'aikata da wakilin manoma kujerar minista, an ba ɗan Kudu, Clement Mboro, ma'aikatar harkokin cikin gida, an kuma ba mata damar jefa ƙuri'a, har Fatima Ahmad Ibrahim ta zama mace ta farko a majalisa cikin 1965. Sai dai tsofaffin jam'iyyu sun ga cewa ƙwararrun nan ba su da jama'a a karkara, don haka a watan Fabrairu na 1965 suka matsa aka sake majalisar ministoci, suka kuma gaggauta zaɓe. Yawancin mazaɓun Kudu ba a yi zaɓen ba saboda yaƙi.

Abin da ya biyo baya abin takaici ne. Taron sulhu da aka kira a kan Kudu cikin Maris na 1965 ya watse ba a cimma kome ba. Muhammad Ahmad Mahjub ya zama Firayim Minista, Sadik al-Mahadi ya ture shi a 1966, shi kuma ya sake ture Sadik a 1967. Jam'iyyar Umma ta rabu biyu tsakanin Sadik da baffansa Imam al-Hadi. Majalisa ta haramta jam'iyyar Kwaminis ta kori wakilanta, kotu ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu da hukuncin. Babban Jojin ƙasar, Babikir Awadallah, ya yi murabus don fushi. Aka shafe shekara huɗu ba a rubuta tsarin mulki na dindindin ba, yaƙin Kudu kuwa sai abin da ya ci gaba.

Saboda haka ran 25 ga Mayu, 1969, da Kanar Ja'afar Numeiri ya fito da tankoki, babu wanda ya fita titi don kare gwamnatin farar hula. Wanda ya naɗa Firayim Minista kuwa shi ne Babikir Awadallah, ɗaya daga cikin alƙalan da suka tsaya wa juyin Oktoba.

Shekara Goma Sha Shida Na Numeiri

Numeiri mutum ne mai sauya abokai kamar riga. Ya fara da 'yan Kwaminis, ya yi amfani da su ya murƙushe Ansaru a tsibirin Aba cikin Maris na 1970. Bayan yunƙurin juyin mulki na Yuli 1971 sai ya juya kansu, ya rataye shugaban jam'iyyar, Abdul Halik Mahjub, da shugaban ƙungiyar ƙwadago, Shafi'u Ahmad al-Shaikh. A 1972 ya yi abin da har abokan gabansa suka yaba, watau yarjejeniyar Adis Ababa wadda ta tsayar da yaƙin Kudu ta ba yankin ikon gudanar da harkokinsa.

Daga nan aka shiga cin bashi. An yi ta shelar cewa Sudan za ta zama rumbun abincin ƙasashen Larabawa. Aka ranto kuɗi aka kafa manyan ayyuka, irin su masana'antar sukari ta Kenana da magudanar ruwa ta Jongolai, waɗansu suka lashe ninkin abin da aka ƙiyasta, waɗansu ba a gama ba. Cin hanci ya yi katutu a tsakanin na kusa da fada. Tun daga 1978 gwamnati ta shiga hannun Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka riƙa karya darajar fam ana janye rangwamen da ake yi wa talaka a kan kayan masarufi. Sa'ad da Numeiri zai faɗi, bashin da ake bin Sudan ya kai wajen dala miliyan dubu tara.

A 1983 ya rushe da hannunsa abin da ya gina. Sojojin garin Bor suka yi bore, Kanar John Garang ya shiga daji, Numeiri kuma ya raba Kudu kashi uku, abin da ya saɓa wa yarjejeniyar 1972, yaƙi ya dawo sabo. A watan Satumba ya kafa dokokin da ya ce na shari'ar Musulunci ne ba tare da shawarar kowa ba, har Sadik al-Mahadi, jikan gidan Mahadi, ya soke su aka ɗaure shi. Fari ya auka wa Darfur da Kordofan a 1984, mutane suka baro ƙauyukansu suka yi sansani a bayan garin Umdurman, amma shugaban ya daɗe yana ƙin amsa cewa akwai yunwa, domin kada a ce rumbun abinci ya koma bara. Ran 18 ga Janairu, 1985, aka rataye Mahmud Muhammad Taha, dattijo mai shekara 76, a gidan kurkukun Kobar.

Afrilu 1985

A ƙarshen watan Maris na 1985 gwamnati ta janye rangwamen burodi da na man fetur. Tura ta kai bango. Ran 26 ga wata ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Umdurman suka fito, matasa marasa aikin yi da 'yan gudun yunwa suka mara musu baya. Kashegari Numeiri ya hau jirgi zuwa Amurka don ganin likita da neman agaji, yana ganin abin ba zai kai ko'ina ba.

Waɗanda suka ga 1964 sun san hanya. Ƙungiyoyin likitoci, lauyoyi, injiniyoyi, malaman jami'a, ma'aikatan banki da na inshora suka haɗa kai a asirce. Jam'iyyar gwamnati ta kira nata gangamin ran 2 ga Afrilu, bai tara jama'ar kirki ba. Ran 3 ga wata kuwa birnin Hartum ya cika ya batse. Yajin aiki ya biyo baya, aka yanke wayar tarho, wutar lantarki ta ɗauke, filin jirgin sama ya rufe. Ran 6 ga Afrilu Ministan Tsaro kuma babban kwamandan soja, Janar Abdurrahman Suwar al-Dahab, ya ba da sanarwa cewa soja sun bi bayan jama'a. Mutane suka nufi Kobar suka fito da fursunonin siyasa. Jirgin Numeiri ya tsaya a Alƙahira, inda ya yi zaman gudun hijira har 1999.

Suwar al-Dahab ya yi abin da ba a saba gani ba, domin ya ce shekara guda zai yi, ya kuwa cika alkawari. Shugaban ƙungiyar likitoci, Dokta Jazuli Dafa'allah, shi ne Firayim Ministan riƙon ƙwarya. Amma ainihin iko yana hannun majalisar manyan hafsoshin da Numeiri ya naɗa, don haka ba a taɓa dokokin Satumba ba, ba a kuma tsayar da yaƙi ba.

Aka yi zaɓe a watan Afrilu na 1986, Sadik al-Mahadi ya sake zama Firayim Minista bayan shekara kusan ashirin. Mutanen da suka kasa a 1960 da wani abu su ne suka dawo, da halinsu na da. Gwamnatin haɗin gambiza ta riƙa rushewa ana sake ɗinka ta. Aka raba wa waɗansu ƙabilu bindigogi don su yaƙi 'yan tawaye, suka koma kwasar ganima, yunwar 1988 ta hallaka dubun dubatar mutane a Bahar al-Gazal. A watan Nuwamba na wannan shekara Muhammad Usman al-Mirgani ya ƙulla yarjejeniyar sulhu da Garang a Habasha, jama'a suka tarye shi da murna, amma Sadik ya yi ta jan ƙafa don kada abokin hamayyarsa ya ci ribar abin. Sai da hafsoshin soja suka aika masa da takardar gargaɗi a Fabrairu na 1989 sa'an nan ya karkata ga sulhu. Kafin a kai ga zaman, ran 30 ga Yuni, 1989, Birgediya Umar al-Bashir ya yi juyin mulki da goyon bayan jam'iyyar Turabi, watau malamin nan da maganarsa ta kunna wutar 1964.

Bashir Ya Ɗauki Darasi

Sabuwar gwamnati ta yi nazarin yadda Abbud da Numeiri suka faɗi, ta gano cewa abu biyu ne suka kayar da su: yajin aikin ma'aikata, da kuma juyawar soja. Sai ta tasam ma kowanne.

Ta rushe dukkan ƙungiyoyin ƙwadago da na ƙwararru ta kafa nata. Ta kori dubban ma'aikatan gwamnati, alƙalai, malamai da hafsoshi da sunan wai maslahar jama'a, ta cike gurabensu da 'yan jam'iyya ko da ba su san aikin ba. Likitoci sun gwada yajin aiki a ƙarshen 1989, aka yanke wa ɗaya daga cikin shugabanninsu hukuncin kisa, ko da yake daga baya an sake shi. Aka buɗe gidajen azabtarwa na ɓoye waɗanda jama'a suka laƙaba wa suna gidajen fatalwa. A watan Afrilu na 1990, cikin azumi, aka harbe hafsoshi 28 bisa zargin shirya juyin mulki.

Game da soja kuwa, Bashir ya ƙi yarda bindiga ta taru a hannu ɗaya. Ya ƙarfafa hukumar tsaron asiri har ta zama runduna mai zaman kanta. Da tawaye ya ɓarke a Darfur cikin 2003 sai ya yi hayar mayaƙan Janjawid, waɗanda ta'asarsu ta sa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama shi a 2009. A 2013 ya mayar da waɗannan mayaƙa runduna ta hukuma, watau Rundunar Kai Ɗaukin Gaggawa, a ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo wanda aka fi sani da Hameti.

Kuɗin man fetur, wanda aka fara fitarwa a 1999, ya rufa wa gwamnati asiri na ɗan lokaci. An yi gine-gine a Hartum, an sayi makamai, an sayi 'yan siyasa, amma noman Jazira da hanyar jirgin ƙasa suka lalace. Ran 9 ga Yuli, 2011, Kudu ta ɓalle ta tafi da kashi uku cikin huɗu na man. Da aka ƙara kuɗin fetur a Satumba na 2013 jama'a suka fito, aka harbe su, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce an kashe wajen mutum ɗari biyu.

Burodin Atbara

A ƙarshen 2018 mutumin Sudan layi uku yake bi: na burodi, na fetur, da na banki, inda ba ya iya fitar da albashinsa domin babu takardun kuɗi. Tsadar kaya ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari. Ran 19 ga Disamba, a Atbara, garin ma'aikatan jirgin ƙasa, burodin fam ɗaya ya koma fam uku. 'Yan makaranta suka fito, jama'a suka bi su, aka cinna wa ofishin jam'iyyar gwamnati wuta.

Wannan karo garuruwan larduna ne suka fara, sa'an nan Hartum ta ɗauka. Likitoci da malamai da lauyoyi da 'yan jarida sun riga sun kafa wata ƙungiyar ƙwararru a ɓoye, ita ce ta riƙa tsara ranakun fita ta hanyar wayar hannu da Facebook. A kowace unguwa kuma matasa suka kafa kwamiti, mata suka fito da yawan da ba a taɓa gani ba. Bashir ya kafa dokar ta-ɓaci a watan Fabrairu, ba ta yi amfani ba. Ran 6 ga Afrilu, 2019, ranar tunawa da faɗuwar Numeiri, jama'a suka isa ƙofar hedkwatar soja suka yi zaman dirshan. Da jami'an tsaron asiri suka zo korarsu da dare, waɗansu ƙananan sojoji suka kare su. Ran 11 ga wata manyan hafsoshi suka tuɓe Bashir. Wanda ya gaje shi, Janar Awad Ibn Auf, kwana ɗaya ya yi jama'a suka ƙi shi, Janar Abdul Fattah al-Burhan ya hau. Da aka bincike gidan Bashir an sami kuɗin ƙasashen waje na miliyoyi a ajiye, a ƙasar da ma'aikaci ke kwana a ƙofar banki.

Masu zanga-zanga sun tuna da 1985, don haka suka ƙi tashi sai an miƙa mulki ga farar hula. Ran 3 ga Yuni, ana gab da Ƙaramar Salla, dakaru suka auka wa sansanin da asuba. Kwamitin likitoci ya ce an kashe fiye da mutum ɗari, an kuma tsamo gawawwaki daga cikin Nilu. Duk da haka ran 30 ga Yuni jama'a suka sake cika tituna, dole hafsoshi suka koma teburin shawara. A watan Agusta aka sa hannu a kan raba iko na wata 39, masanin tattalin arziki Dokta Abdullahi Hamdok ya zama Firayim Minista.

Runduna Biyu A Ƙasa Ɗaya

Hamdok ya gaji baitulmali wayam. Ya yi nasarar fitar da Sudan daga jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da taimakon ta'addanci a ƙarshen 2020, amma janye rangwame da karya darajar fam suka sa tsadar kaya ta haura kashi 400 cikin ɗari a tsakiyar 2021. Kamfanonin soja da ma'adinan zinariya na Hameti ba su shiga hannun ma'aikatar kuɗi ba. Majalisar dokokin da aka yi alkawari ba a kafa ta ba, domin jam'iyyun da suka hau bayan juyin sun tsaya rabon kujeru har suka dare gida biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ran 25 ga Oktoba, 2021, lokacin da ya kamata soja su shirya miƙa shugabancin majalisar mulki ga farar hula, Burhan da Hameti suka kama ministoci suka rushe gwamnati.

Matasan unguwanni sun ci gaba da fita fiye da shekara guda, aka kashe sama da ɗari daga cikinsu. A larduna kuwa doka ta yi rauni, har rikicin ƙasa ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu cikin 2022 tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka. Daga ƙarshe dabarar da Bashir ya yi don tsare kujerarsa ita ce ta cinye ƙasar. Aka kasa daidaitawa a kan yadda za a shigar da rundunar Hameti cikin soja, wannan na cewa shekara biyu, wancan na cewa goma. Ran 15 ga Afrilu, 2023, rundunonin biyu suka gwabza a tsakiyar Hartum. Kafin ƙarshen 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan goma sun bar gidajensu, an kuma tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam na Darfur.

Abin Lura

Wanda ya bi labarin nan zai ga cewa babu ɗaya daga cikin shugabannin uku da ya faɗi farat ɗaya. Kowannensu ya toshe hanyoyin da talaka ke kai kuka, watau majalisa, kotu, jarida da ƙungiyar ƙwadago, har ya zamana ba ya jin kome sai yabon fadawa. Kowannensu ya zaɓi yaƙi a kan matsalar da shawara za ta iya kashewa, yaƙin ya cinye kuɗin asibiti da makaranta. Sa'ad da baitulmali ya ƙare kuma, talaka aka ce ya ɗaure ciki, na sama ba su rage kome ba. Kuɗin burodi ko harbin ɗalibi guda ashana ce kawai, itacen ya daɗe da bushewa.

Haka nan za a ga cewa gwamnati, kome yawan bindigoginta, da hannun akawu da malami da likita da direban jirgi take aiki, ran da suka naɗe hannu kuwa sai ta tsaya cik. Wannan ne ya sa Bashir ya fara da lalata aikin gwamnati, ɓarnar da ta sa ko bayan tafiyarsa aka rasa ma'aikatun da za su ɗauki nauyin gyara.

Sai dai kifar da azzalumi aikin kwanaki ne ko watanni: kwana biyar a 1964, kwana goma sha biyu a 1985, wata huɗu a 2019. Abin da ya gagari Sudan sau uku shi ne aikin da ke biye, watau rubuta tsarin mulkin da kowane yanki zai yarda da shi, da mayar da soja bariki a ƙarƙashin doka, da samun 'yan siyasar da za su jure zama da juna har a kai ga zaɓe na biyu. Ɗalibai da ma'aikata sun ba da jininsu sun buɗe ƙofa, amma duk lokacin da suka koma aji da ofis sai su tarar waɗanda suka shiga ta ƙofar sun kama tsohon hali. Tun 1956 har zuwa ɓarkewar yaƙin 2023, babu zaɓaɓɓiyar gwamnatin farar hula ko ɗaya a Sudan da ta kai shekara biyar soja ba su ture ta ba.